Wai ƙaƙa saƙo ke zuwa Dubai daga Maraɗi, kuma da gaske ana iya sace hanyar intanet?

Ɗan_Mokoyo:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu ilimin rezo ku taimake ni da wani abu da ya daɗe shina min yawo a kai. Ni dai salula da kayan salula nake saidawa nan babbar kasuwa, kuma rabin kayan daga Dubai suke zuwa, akwai wani ɗan uwanmu da ke zaune can shi ke saye mana kaya ya yi lodi. To a watan Satumba na 2025, bayan Mauludi kaɗan, sai ga shi ko hoton kaya ya turo sai an yi ta jira, bidiyo kam ba a magana, da na tambaye shi sai ya ce wanga karon ba daga wajenku ba ne daga wajenmu ne, duk gari ana kukan koneksiyo wai waya ce ta tsinke cikin teku kusa da Jidda. Abin ya ban mamaki wallahi, Dubai fa, inda ake ce mana kome na zamani ne amma tsinkewar waya ta sa su kuka irin namu.

Sai kuma wani yaro mai gyaran salula kusa da shagona ya ƙara dagula min lissafi, ya ce wai ba ma tsinkewar waya ce abin tsoro ba, akwai yadda wani ke zaune wata ƙasa ya sace hanyar intanet gaba ɗaya, saƙonka maimakon ya tafi inda ka aika sai ya bi ta wajensa. To mu da muke turo da kuɗin mutane da lambobin asusu ta salula ai magana ce babba. Tambayata ita ce ta wace hanya saƙo ke bi daga nan zuwa ƙasashen Larabawa, da gaske ne ana sace hanya, kuma su Larabawan da kuɗinsu mi sunka yi a kai? A yi min bayani irin na 'yan kasuwa don Allah, ban yi nisa a lakkwal ba.

Injiniya_Bagalam:

Wa alaikumus salam ƙanena. Yaron nan bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗan ƙara gishiri.

Intanet ba abu guda ba ne da wani ke riƙe da shi, tarin rezo ne na kamfanoni da jami'o'i da bankuna da gwamnatoci, sun haura 70,000, kowane da lambarsa da kuma rukunin adireshin da aka ba shi. Abin da ke haɗa su wata yarjejeniya ce da ake kira BGP, tun 1989 aka tsara ta, lokacin da masu rezon kaɗan ne kuma duk sun san juna. Aikinta kamar na 'yan kamasho a tasha ne, kowa ya tsaya bakin motarsa yana kira Kano Kano, Damagaram Damagaram, wanda ya ji ya gaya wa na kusa da shi, fasinja kuma ya bi kiran. Matsalar ita ce a asalin tsarin ba wanda ke cewa ɗan kamasho ya nuna takardar sandika, in ya ce motarsa Kano za ta an yarda ke nan.

Misalin da kowa ke bayarwa shi ne na 24 ga Fabrairu 2008. Gwamnatin Pakistan ta ce a toshe YouTube a cikin ƙasar, sai Pakistan Telecom ya yi shelar cewa adireshin YouTube a wajensa suke don ya jefa su rami, amma shelar ta fita waje ta hannun kamfanin PCCW na Hong Kong wanda bai tace ba. Kuma ka ga BGP ta fi son wanda ya fi ƙayyade wuri, YouTube na shelar rukuni mai adireshi 1,024 su kuma sun yi shelar guda 256 daga ciki, sai duniya ta bi ƙaramin, wajen awa 2 YouTube ya ɓace wa jama'a a kusan ko'ina. Kusa da mu ma an yi, a Nuwamba 2018 kamfanin MainOne na Legas ya yi kuskuren saiti, hanyoyin Google suka karkata ta Sin da Rasha na tsawon minti 74. Waɗannan duk kuskure ne, amma akwai na ganganci, a Afrilu 2018 wasu ɓarayi sun karkatar da adireshin Amazon suka kai masu amfani da shafin MyEtherWallet zuwa shafin bogi suka kwashe kuɗin kirifto na kusan dala 150,000.

Maganin da ake ta turawa yanzu shi ne RPKI. Akwai hukumomi 5 a duniya masu rabon adireshi, kamfani sai ya shiga wajen hukumarsa ya sa hannu kan wata shaida ta lantarki da ake kira ROA, wadda ke cewa adireshi kaza rezo mai lamba kaza ne kaɗai ke da izinin shelarsu. Daga nan sauran kamfanoni su saita na'urorinsu su riƙa dubawa, duk shelar da ta saɓa wa shaidar a yi watsi da ita. A 2024 ne hanyoyin tsohon tsarin adireshi IPv4 masu irin wannan shaidar suka haura rabi a duniya.

Su kuwa Larabawa gida biyu suke a nan. Na yankin Asiya irin su Saudiyya, Daular Larabawa, Katar, Kuwait, Bahrain, Oman, Iraƙi, Jodan, Lebanon, Siriya, Yaman da Falasɗinu suna ƙarƙashin hukumar RIPE NCC mai hedikwata a Amstadam, tana da ofis a Dubai. Na Afirka kuwa, Masar, Libiya, Tunisiya, Aljeriya, Maroko, Sudan, Muritaniya, tare muke da su a AFRINIC da ke tsibirin Moris. Na ɓangaren RIPE sun yi nisa sosai wajen sa hannun nan, ana ta yi musu horo, suna da taron injiniyoyinsu mai suna MENOG tun 2007, Saudiyya ma har wajen komawa sabon tsarin adireshi IPv6 tana cikin na gaba a duniya. Mu namu gidan kuwa a 2021 AFRINIC ta faɗa cikin shari'a, har a 2023 kotun Moris ta naɗa mata mai riƙo, hukumar da ke fama da kanta ba za ta samu sukunin bin kamfanoni tana koya musu tsaro yadda ya kamata ba.

Amma ni abin da nake yawan faɗa wa yara shi ne sa hannu daban, dubawa daban. Sa hannu aikin 'yan mintoci ne a shafin hukuma, shi ya sa alƙalumansa ke da kyau a rahoto, ita kuwa dubawar sai ka taɓa manyan na'urorinka kana tsoron kar ka yanke wa kwastoma hanya, don haka kamfanoni da yawa a ƙasashen Larabawa da ma nan Afirka sun sa hannu sun tsaya nan. Kuma ko an yi duka biyun RPKI ba za ta kama irin na MainOne ba, don a can mai adireshin na gaskiya ne, hanyar ce aka karkatar a tsakiya.

Alhaji_Sabongari:

Injiniya Allah shi yi albarka, amma ku yaran yanzu kuna son tsoratar da mutane. Ni shekara da shekaru ina harka da Dubai da Jidda tun zamanin da sai ka je gidan waya ka yi layi, ban taɓa jin wanda anka sace ma kuɗi ta wagga hanya ba a Maraɗi. Waɗanda na sani sun yi asara duk abu guda ne, wani ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne a ba shi kod ɗin da ya shigo, ko a sace WhatsApp ɗin abokin harkarka a turo maka sabuwar lambar asusu. Ɗana Ɗan_Mokoyo, duk ranar da lambar asusu ta canja ka kira mutumin ka ji muryarsa kafin ka tura ko dala, Dubai ba a cika samun kiran WhatsApp ba don a toshe yake, to ka kira ta Botim ko ka sa kuɗi ka kira layi kai tsaye, jika biyun da za ka kashe ba ta kai abin da za ka rasa ba.

Azhari_Tibiri:

Baba Alhaji maganarka dutse. Ni dai ina so in ƙara wani abu da Injiniya bai taɓo ba, don ina karatu a Alƙahira a 2011 kuma na ga abin da idona. Daren Alhamis 27 ga Janairu wayewar Juma'a muna zaune sai intanet ya ɗauke ɗif, da safe layukan salula ma suka bi, ba waya ce ta tsinke ba kuma ba ɓarawo ba ne, manyan kamfanonin ƙasar ne aka umarta suka janye shelarsu ta BGP, hanyoyi wajen 3,500 suka ɓace cikin ɗan lokaci, ga sauran duniya kamar an shafe Masar daga taswira. Wani ƙaramin kamfani mai suna Noor wanda kasuwar hannun jari ke amfani da shi ne ya rage, shi ma ranar 31 aka kashe shi, sai 2 ga Fabrairu aka dawo da kome. Ka ga ɗalibai 'yan Nijar da 'yan Najeriya muna ta neman gidan da ke da tarhon girke don kawai a gaya wa iyaye muna raye, mahaifiyata a Tibiri sai da ta yi kwanaki ba ta iya cin abinci.

To wannan fa ba RPKI ɗin da za ta hana shi, tunda mai adireshin ne da kansa ya yi shiru. Kuma bai tsaya kan Masar ba, Libiya ta yi a 2011, Siriya a ƙarshen Nuwamba 2012, Sudan ta yi fiye da wata guda daga 3 ga Yuni 2019 ta sake bayan juyin mulkin Oktoba 2021, su Iraƙi da Siriya da Aljeriya kuwa har lokacin jarrabawa ana yankewa wai don kar yara su yi satar amsa, a Aljeriya lokacin bak kowa ya san da zancen. Mu ma nan gida ai kun tuna ƙarshen Fabrairu 2021 bayan zaɓe, kwana 10 ba intanet a salula. Inda duk ƙofar fita waje guda ɗaya ce ko biyu kuma a hannun kamfanin gwamnati, kashewar ba ta da wuya, shi ya sa ni idan an ce wata ƙasa ta ci gaba a intanet tambayata ta farko ita ce ƙofofinta nawa kuma a hannun wa suke.

Batun wayoyin teku kuwa, ai Masar ce maƙogwaron. Wayoyin da ke haɗa Turai da Asiya fiye da 12 suna bi ta Bahar Maliya, su fito tudu a gaɓar Masar wuraren Zafarana da Suwais, a binne su a ƙasa su ratsa har gaɓar Bahar Rum su sake shiga ruwa zuwa Marsey ta Faransa da Italiya. A ƙarshen Janairu 2008 biyu daga ciki sun tsinke kusa da Iskandariya, Masar da ƙasashen Gulf da Indiya duk suka ji jiki, a Maris 2013 kuma sojan ruwan Masar sun kama mutum 3 masu ninƙaya da ake zargi da yankan wayar teku mai suna SEA-ME-WE 4.

Injiniya_Bagalam:

Malam Azhari ka cika min gurbin da na bari, na gode. Wadda ta shafe ka Ɗan_Mokoyo ita ce ta 6 ga Satumba 2025, wayoyin SEA-ME-WE 4 da IMEWE ne suka samu matsala kusa da Jidda, Daular Larabawa da Pakistan da Indiya suka ga nauyin koneksiyo, Microsoft ma ta fitar da sanarwa cewa masu amfani da Azure, rumbunta na adana bayanai a intanet, za su ga jinkiri. Kafin ita akwai ta Fabrairu 2024, 'yan Huthi sun harbi wani jirgin dakon taki mai suna Rubymar, ma'aikatansa suka bar shi yana yawo a ruwa, kuma abin da akasarin masana suka tafi a kai shi ne ƙarfen angarsa ne ya ja ƙasa ya tsinke wayoyin AAE-1 da EIG da Seacom. Gyaran ya ɗauki watanni don jirgin gyara ba ya shiga ruwan Yaman sai da izini ga kuma yaƙi. Mashigin Bab al-Mandab faɗinsa kusan kilomita 30 ne kawai kuma ba shi da zurfi sosai, jiragen duniya na bi ta sama wayoyi na kwance a ƙasa, kuɗin man fetur ba ya faɗaɗa teku.

Amma ka lura, intanet ɗinsu nauyi ya yi bai mutu ba, kuma a nan ne BGP ɗin da muke zagi take amfani, da hanya ta mutu sai ta nemi wata da kanta, sai dai wadda ta rage ta cika maƙil. Abin da ya rage musu zafi shi ne abin da suka gina a cikin gida. A da in mutumin Dubai ya aika saƙo Riyad ko Amman sau da yawa sai ya je Marsey ko Farankfot ko Landan ya juyo, don kamfanoninsu ba su haɗu da juna a yankin ba. Sai aka fara gina mahaɗar intanet, wato ɗaki guda mai babbar na'ura inda kamfanoni ke jona wayoyinsu su yi musayar kaya kai tsaye. UAE-IX ta buɗe a Dubai a 2012 tare da DE-CIX ta Jamus, Jidda ta samu tata tare da LINX ta Landan, Manama da Alƙahira suka yi da AMS-IX ta Amstadam. Sai manyan rumbunan adana bayanai suka biyo baya, Amazon ta buɗe a Bahrain a 2019, Microsoft a Daular Larabawa a shekarar, Google a Doha da Dammam a 2023. Oman kuma ta ci ribar zamanta a wajen mashigin Hormuz, wayoyi da yawa suna sauka Barka da Salala.

Kar dai a ce Larabawa a haɗe su duka. Tsakanin Dubai da Sana'a ko Khartum ko Gaza tazarar ta fi tsakaninmu da wasunsu.

Saƙonka kuma daga nan, akasari eriya ce za ta ɗauka ta miƙa wa fibir, ya sauka kudu zuwa teku ta Kwatano ko Legas ko ta Burkina, ya hau wayar teku zuwa Turai, daga can ya juyo gabas. Dubai tana gabas da mu amma saƙon yamma da arewa yake fara yi. Shi ya sa ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi, da wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka tsinke a gaɓar Kodebuwa mu da ba mu da teku muka sha wahala tare da masu teku.

Sai batun kuɗinka. Ko an karkatar da hanya saƙon WhatsApp a kulle yake daga salularka zuwa tasa, wanda ya tare shi ba zai iya karantawa ba, iyaka ya jinkirta ko ya hana shi isa. Shafukan banki ma suna da takardar shaida, waɗanda aka sace wa kuɗi a 2018 ɗin nan sai da burauzarsu ta yi musu gargaɗi cewa shaidar shafin ba daidai take ba suka danna ci gaba. In ka ga jan gargaɗin nan a shafin kuɗi ka rufe kawai. Sauran kuwa abin da Baba Alhaji ya faɗa ne.

Maman_Ummi:

Sannunku da ƙoƙari, ina ta bin zancen ina jin daɗi. Ni abin da nake sa wa ido shi ne fibir ɗin da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi, ɓangaren Nijar ya haura kilomita 1,000, akwai reshen Arlit zuwa Assamaka bakin iyakar Aljeriya, akwai Diffa zuwa Ngigmi zuwa iyakar Cadi, akwai Damagaram zuwa Magarya zuwa iyakar Najeriya, su kuma 'yan Aljeriya sun ja nasu tun daga Aljes har In Gezzam. In wannan ya kama aiki sosai to mun samu ƙofa ta arewa zuwa Bahar Rum, ba sai kullum mun dogara da kudu ba, kuma bayan abin da muka gani a 2023 da aka rufe iyakoki Najeriya ta yanke mana kuran ai ba sai an yi wa ɗan Maraɗi dogon bayani ba. Sai dai su ma Aljeriya a Oktoba 2015 wayar Annaba zuwa Marsey ta tsinke mafi yawan intanet ɗinsu ya tafi na kwanaki, bayan nan ne suka buɗe wata zuwa Balensiya ta Sifen.

Yaya Injiniya ina da ƙorafi ɗaya kan RPKI ɗin nan taka, ai ita ma an taɓa juya ta kan mai ita. A Janairu 2024 wani ya shiga asusun Orange ta Sifen a RIPE da modepas mai sauƙi, wai ripeadmin, ya canja shaidun ya sa hanyoyinsu na gaskiya suka zama na bogi, kwastomominsu suka yi awoyi cikin wahala. Kenan duk kamfanin da ke dubawa shi ne ya fara yanke su.

Injiniya_Bagalam:

Haka aka yi ƙanwata, kuma bayan nan ne RIPE ta tilasta wa kowa tabbaci mai mataki biyu. Ni dai duk da haka na fi son a sa hannu a kuma duba, sannan a tsare asusun kamar yadda ake tsare na banki. Kuma kamfanoninmu na nan ya kamata su shiga MANRS, shirin da Internet Society ta fara a 2014, ƙa'idodin ba su da yawa, ka tace abin da kwastomanka ke shela, ka hana adireshin bogi fita daga rezonka, ka ajiye lambar da za a same ka in an samu matsala da dare.

Ɗan_Mokoyo:

Kai madalla, Allah shi saka da alheri, yau na sha karatu kyauta. Baba Alhaji na ji, daga yau sai na ji murya. Amma Yaya Injiniya saura ɗaya, maƙwabcina ya sayi Starlink tunda sunka fara aiki nan a 2025, shina ta cika baki wai shi ba ruwansa da wayar teku, gaskiya ne ko in bar kuɗina?

Injiniya_Bagalam:

Rabin gaskiya ne. Farantin nasa tauraro yake kamawa, amma tauraron sai ya sauke kayan a wata tasha ta ƙasa, daga can kuma fibir ne da BGP kamar kowa, in za shi Dubai wayoyin nan dai zai hau. Abin da ya tsallake shi ne ɓangaren nan gida zuwa bakin teku. In kana da halin biyan kuɗin wata ka saya amma kar ka jefar da layin salularka, ka riƙe duka biyun, kuma ka tanadi batir ko sola don farantin na cin wuta, in kuran ya ɗauke shi ma ya ɗauke.